Maginin da Ya Karɓi Tubalin Bogi

A watan Satumba na 1928, Alexander Fleming ya dawo daga hutu zuwa asibitin St Mary's da ke Landan, ya tarar fumfuna ta fito a wani farantin da yake renon bakteriya, ƙwayoyin da ke kewaye da ita kuwa duk sun narke. Daga nan aka samo penisilin, wadda Howard Florey da Ernst Chain suka tace a Oxford har aka fara yi wa majinyata allurarta a 1941.

Abin mamakin yana cikin yadda take kisa. Allah Ya kewaye bakteriya da katanga, domin cikinta cike yake da ruwa mai tunkuɗowa waje, katangar ce kaɗai ke riƙe da shi. In za ta girma ta rabu biyu, dole ta riƙa fasa katangar kaɗan-kaɗan tana cikewa da sabon gini. Akwai wani sinadari a jikinta mai aikin magini, shi ke ɗaure tubali da tubali. To, penisilin kamarsu ɗaya da tubalin nan. Magini na ganinta sai ya cafke ba bincike, ita kuwa ta maƙale masa a hannu, ba ya sake ɗaure komai. Masu fasawa ba su daina ba. Can sai katanga ta yi rauni, ƙwayar ta kumbura ta fashe da ƙarfin da ke cikinta. Shi ya sa maganin ya fi cin ƙwayar da ke cikin yaɗuwa, wadda ke kwance ba ta gini takan tsira.

Ɗan Adam ma lokacin da kasuwa ta buɗe masa, ko muƙami ya samu, shi ne lokacin da yake sassauta tsofaffin ƙa'idojinsa don ya faɗaɗa. Mai fadanci ya zo masa da kamannin mashawarci, haram ta zo da kamannin riba, ya karɓa hannu bibbiyu saboda gaggawa. Kwaɗayi da girman kai dama suna ciki tun can, kunya da tsoron Allah ne suka tokare su. Ranar da ya rushe, sai a yi ta neman maƙiyinsa a waje.

In muka koma kan maganin, ƙwayoyin jikin mutum ba su da irin katangar bakteriya, don haka penisilin ba ta samun abin kamawa a jikinsu. Ƙwayar da ke kawo mura ma ba ta da ita. Wanda ya sayi amoksisilin, wadda dangin penisilin ce, a kemis don mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma ba bakteriyar da maganin bai iya kashewa filin yaɗuwa. Don Allah a bari likita ya duba tukuna.