Abin da Fiyano Ke Bar wa Yaro

A Ingila akwai wata jarrabawa da yaro ke shiga shi kaɗai, ba abokan aji, ba takardar amsa. Ɗaki ne da fiyano a ciki, sai wani baƙo zaune a gefe riƙe da biro. Hukumar ABRSM da aka kafa a Landan a 1889 ita ta fi suna wajen shirya ta, ta kuma kasa ta hawa takwas. Yaro zai kaɗa kiɗa uku da ya yi watanni yana bitarsu, ya yi atisayen hawa da saukar sauti da ka, sannan a ajiye masa rubutun wani kiɗan da bai taɓa gani ba, a ba shi rabin minti ya duba, a ce bismilla. Daga ƙarshe a gwada kunnensa. Maki 150 ne duka: 100 an ci, 120 an ci da yabo, 130 an yi zarra. Wanda aka ɗora a kan kujerar fiyano yana ɗan shekara shida ko bakwai, in bai yi wasa ba, yakan kai hawa na takwas daidai lokacin da yake shirin barin sakandare.

Ke nan kusan shekara goma sha biyu yana komawa gaban madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. To, ranar da ya ajiye kayan makaranta, me ya rage masa a hannu?

Iyaye da yawa sun biya kuɗin malami ne saboda an ce musu kiɗa na ƙara basira. Maganar ta yi ƙarfi daga 1993, lokacin da wasu masu bincike a Kalifoniya suka ce ɗaliban jami'ar da suka saurari kiɗan Mozart na minti goma sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji, duk da cewa tasirin bai wuce kwata na awa ba. Kafin ka ce kwabo, 'yan kasuwa sun ɗauka. A 1998 har gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware kuɗi a kasafi domin a ba kowane jariri faifan kiɗa. Da aka zo aka bi abin a tsanake, sai ya yi ta ƙanƙancewa. A Toronto, Glenn Schellenberg ya raba yara 144 'yan shekara shida gida huɗu, ya fitar da sakamako a 2004: waɗanda suka koyi fiyano ko waƙa sun fi sauran ƙaruwa a ma'aunin basira, amma da maki kusan uku kacal. A Montreal, Eugenia Costa-Giomi ta bi yara 117, aka ba 63 daga cikinsu fiyano a gida da malami kyauta har shekara uku. Da wa'adin ya cika, ba su fi takwarorinsu lissafi ko karatu ba. Abin da ya ƙaru shi ne yadda suke ganin darajar kansu. A 2020 kuma Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da ya shafi yara kusan 7,000, suka ce inda duk aka tsara gwajin da kyau, amfanin kiɗa ga darussan aji kusan babu ne.

Gaskiya ne cewa masu kaɗa fiyano sukan yi fice a makaranta. Amma gidan da zai iya sayen fiyano, ya biya malami duk mako tsawon shekara goma, ya samu babban da zai tsaya a kan yaro kullum yamma, gida ne da dama can ɗansa ba zai sha wuya a aji ba. Sau da yawa arziƙin gida ne da natsuwarsa ake gani, a jingina wa kiɗa.

Ni a ganina ribar tana wani wurin, kuma ba a jarrabawar lissafi za a same ta ba. Fiyano ba ya rufa wa kowa asiri. In yatsa ya sauka inda bai dace ba, sautin zai fita nan take, mai kaɗawa ya ji, na ɗakin girki ma su ji. Babu wanda za a ɗora wa laifi. Yaro ƙarami, in ya yi kuskure, yakan koma farko ne ya sake tahowa da gudu, ya sake faɗawa ramin da ya faɗa ɗazu. Abin da malamin kirki ke kwashe shekaru yana cusa masa shi ne ya daina wannan. Ya nemo ainihin gaɓar da ke kayar da shi, wadda wataƙila ba ta wuce daƙiƙa uku ba, ya ware ta. Ya kaɗa ta da hannun dama shi kaɗai, sannan hagu shi kaɗai, a hankali har abin ya ba shi haushi. Ya rubuta lambar yatsa a kan kowane sauti da fensir. Ya kunna 'yar na'urar nan mai ƙirga bugu, ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan, sai ya haɗa hannuwa biyu, sannan ya mayar da gaɓar mazauninta. Kamar mai ɗinkin hula ne da ya ga zare ya kauce: ba ya jefar da hular, ba ya kuma ci gaba a kan karkata, warware wurin yake ya sake.

Wanda ya yi shekara goma yana wannan, ya fita da wata ɗabi'a da da yawa daga cikin manya ba su da ita. Ba ya cewa "ban iya ba" a dunƙule. Yana iya nuna maka daidai inda bai iya ba. Ya kuma san bambancin abin da yake jin daɗin kaɗawa da abin da yake buƙatar bita, domin kowane mai koyo ya san jarabar nan ta maimaita sashen da ka riga ka ƙware a kai, ka yaudari kanka cewa aiki kake. Ɗalibin da zai shiga jami'a, inda ba mai bin sa da bulala, ba ƙaramin guzuri ba ne ya san wannan yaudarar tun yana yaro.

Sai kuma wani darasi da ya yi hannun riga da na farko. A ɗaki ana tsayawa a gyara. A gaban jama'a ba a tsayawa. Malamai kan gargaɗi yara cewa a gwajin karanta sabon kiɗa, wanda ya yi tuntuɓe ya wuce ya fi wanda ya tsaya yana lalube. Yaro ɗan shekara tara da ya taɓa mantuwa a tsakiyar kiɗa, iyaye cike da zaure, hannunsa na rawa, ya daure ya kai ƙarshe, ya sunkuya ya sauka, ya gane cewa kunya ba ta kisa. Wannan yakan dawo masa ranar da zai tsaya gaban masu tantancewa.

Mafi yawansu ba za su zama makaɗa ba, kuma wannan ba asara ba ce. Condoleezza Rice, wadda ta riƙe muƙamin sakatariyar harkokin wajen Amurka daga 2005 zuwa 2009, ta fara fiyano tana 'yar shekara uku a Birmingham ta jihar Alabama, ta shiga Jami'ar Denver da niyyar zama ƙwararriyar makaɗiya. Ita da kanta ta ba da labarin yadda ta je makarantar kiɗa ta Aspen, ta tarar da yara 'yan shekara goma sha biyu suna kaɗa abin da ita ta yi shekara tana fama da shi, daga gani ɗaya. Ta auna kanta, ta ga iyakarta, ta koma nazarin siyasar duniya a wurin Farfesa Josef Korbel. Ba ta bar kaɗawa ba, har ta kaɗa tare da shahararren makaɗi Yo-Yo Ma a 2002. Kunnen da ya gaya mata gaskiya a Aspen, fiyanon ne ya gina shi. Amma kada a yi zaton kiɗa na gyara zuciya: wannan matar dai tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan yaƙin Iraƙi. Fiyano na koyar da juriya da tsari, ba ya zaɓar wa mutum inda zai kashe su.

Akwai kuma waɗanda abin ya ci. Lang Lang, wanda aka haifa a Shenyang ta ƙasar Sin a 1982, ya kuma kaɗa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Beijin a 2008, ya rubuta yadda mahaifinsa ya bar aiki ya kai shi Beijin yana ɗan shekara tara, da irin tashin hankalin da ya gani a gida ranar da wata malama ta sallame shi ta ce ba shi da baiwa. Shi ya kai gaci, shi ya sa muka ji labarinsa. Waɗanda aka matsa wa irin haka suka rufe murfin fiyano ranar da suka gama sakandare, ba su sake buɗewa ba, ba wanda ke rubuta nasu. A Ingila ma, da yake zarra a hawa na takwas na ba ɗalibi maki 30 a ma'aunin neman gurbin jami'a, kusan daidai da samun C a darasi guda na babbar jarrabawar fita, akwai gidajen da satifiket ɗin suke nema, ba kiɗan ba.

A wurinmu fiyano ya fi zama a coci-coci da ɗakunan haɗa waƙoƙin fim na Kano da Jos, kuma galibi na lantarki ne mai kawo ganga da rakiya da kansa in an danna. Masu kaɗa shi da yawa da kunne suka koya, sun kuma iya. Sai dai yanzu makarantun kuɗi sun fara jera shi a takardun tallarsu, kusa da kwamfuta da wurin ninƙaya, da alkawarin cewa zai buɗe wa yaro ƙwaƙwalwa. In aka kawo maka wannan, kada ka tsaya a kan ƙyallin kayan. Tambayi minti nawa ɗanka zai zauna gabansa kowace rana, wa zai saurare shi ya nuna masa inda ya kauce, kuma shekara nawa malamin zai yi tare da shi. In ba su da amsa, riƙe kuɗinka.