Wai Kwamfuta Ce Ta Yi Kuskure?

'Yar'uwa, sau nawa aka rufe miki baki da cewa "ai kwamfuta ce"? Ranar kasuwar Warra ki sayar da bandar kifi, mai saye ya tura kuɗi, a cire masa, ke kuma shiru. Mai POS ya taɓe baki ya ce na'ura ce. Shi ke nan magana ta mutu, tunda ba a kai ƙarfe gaban alƙali.

Ni dai ina ganin da lauje cikin naɗi. Dubi jarrabawar JAMB ta 2025. Sakamako ya fito, yara masu ƙoƙari suka ga makin da ya sa su kuka, iyaye na ta yi musu faɗa. Sai ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an samu matsala a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, ta shafi yara 379,997. Ashe gyara aka yi wa manhajar, waɗanda aka ba aikin ba su sa shi a duk manyan kwamfutocin ba. To ina laifin ƙarfe a nan?

Kamar injin markaɗe ne fa. In an markaɗa attarugu ba a wanke ba, aka zuba geronki, kokon gidanki zai yi yaji, kuma ba inji za ki tsare da masifa ba. Mu mutanen bakin ruwa mun ga wanda ya fi wannan ciwo a Mayun 2021, da jirgin da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse kusa da Warra. Allah Ya ji ƙan su. Ajali ne, mun yarda, amma jirgi bai yi wa kansa lodi ba.

Shi ya sa nake jin haushi in uwa ta ce me 'ya mace za ta yi da karatun kwamfuta. Ba latsa waya nake nufi ba, wannan ko yaye ya iya. Tushen nake nufi, wato yadda ake rubuta wa na'ura umarni daki-daki: in kaza ya faru yi kaza, in bai faru ba koma baya. Wadda ta iya tsara girkin suna, ta san me ake fara ɗorawa, wallahi ta riga ta kama hanya. Yanzu har na'urar kan rubuta umarnin da kanta, amma sai wadda ta san tushe za ta gane in ta yi shirme.

Irin wannan yarinyar in aka ce mata kwamfuta ce, ba za ta juya ta tafi gida ba. Za ta gyara mayafi ta tambaya, wa ya shigar da lambar, ƙarfe nawa, kuma ina rasit?