Shin Hauwa'u Ce Ta Fitar Da Mu Daga Aljanna?

Tambaya: Malam, duk lokacin da na kawo shawara a gida, sai maigidana ya ce in yi shiru, ai mace ce ta fitar da mutane daga Aljanna. Maƙwabciyata Kirista ta ce ita ma tana jin haka a bakin wasu masu wa'azinsu. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, labarin macijin da ya yaudari mace, ita kuma ta miƙa wa mijinta 'ya'yan itaciyar da aka hana su ya ci, yana cikin Littafin Farawa na Baibul, sura ta 3. A kansa wasu malaman Kirista suka gina hukunci. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta hana mace koyar da namiji ko shugabantarsa, saboda Adamu aka fara halitta, kuma mace aka yaudara. Tartuliyan, malamin Kartaj a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, har ƙofar Shaiɗan ya kira mace.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kiristoci da yawa suna kafa hujja da sura ta 1 ta Farawa, wadda ta daidaita namiji da mace a darajar halitta, da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, wadda ta ɗora shigowar zunubi a kan Adamu. A ganinsu mulkin miji da aka ambata a sura ta 3 sakamakon zunubi ne, ba umarni ba. Cocin Ingila ta fara naɗa mata firistoci a 1994, Katolika kuwa har yau ba ta yarda ba.

A Alƙur'ani babu maciji a wannan labarin. Suratul A'araf ta nuna Shaiɗan ya yi wa Adamu da matarsa waswasi su biyu, suka ci tare, suka tuba tare. Suratu Ɗaha ma Annabi Adamu ta ambata da suna. Macijin ta hanyar Isra'iliyat ya shiga tafsiri, kamar ruwayar Wahbu ɗan Munabbih da Ɗabari ya kawo. Akwai hadisin Bukhari da Muslim da ya jingina ha'inci ga Hauwa'u. Ibnu Hajar ya ce ba alfasha ake nufi ba, ƙawata wa mijinta cin itaciyar ne. Allah ya riga ya karɓi tuba, kuma ba a ɗora wa wani laifin wani.

Saboda haka bai halatta mijinki ya goranta miki da wannan ba, balle ya hana ki magana. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, sahabbai sun yi jinkirin yanka da aski, sai Ummu Salama ta ba Manzon Allah (SAW) shawarar ya fita ya fara, ya kuwa bi, suka bi shi. Ki tuna masa wannan cikin ladabi, shi kuma ya ji tsoron Allah.

Allah ne mafi sani.