Ta'aziyya ga Ƙanwata a Kofanhagen

Ƙanwata, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baban yara, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ki juriyar wannan babban rashi.

Kin ce tun ranar rasuwar yaran suka daina yarda a bi da su ta Lambun Sarki, domin can mahaifinsu yake kai su ranakun hutu. Kada ki matsa musu. Amma ina roƙonki kada wurin ya zame musu abin gudu, saboda yawancin tarihin da suka sani, a gindin fadar Rosenborg da ke cikin lambun suka ji shi daga bakinsa.

Kin san yadda yake jan labarin. Sarki Christian na Huɗu ya fara ginin a 1606 a matsayin ɗan gidan shan iska a bayan ganuwar birni, ya yi ta ƙara masa bene da hasumiya har wajen 1624. Jan bulo ne da adon dutse a bakin tagogi, irin na maginan Holan, ga rufin hasumiyoyin na tagulla da ya rikiɗe ya koma kore. A benen ƙarshe zakoki uku na azurfa suke gadin karagar naɗi. Gidan sarauta ya tashi daga ciki wajen 1710, a 1838 kuma aka buɗe wa jama'a.

Amma ƙarshen sarkin ne ya fi tsaya wa marigayi a rai. Matarsa ta rasu a 1612, ya rasa ido ɗaya a yaƙin teku da Siwidin a 1644, magajinsa ya riga shi tafiya a 1647. Da ciwon ajali ya kama shi a fadar Frederiksborg, sai ya nemi a mayar da shi Rosenborg. Aka ja shi a keke bisa ƙanƙara, nan ya cika a Fabrairun 1648, a gidan da ya fi ƙauna.

Na san abin da ke cin ranki: an binne Baban yara nesa da gida. To shi ma Kofanhagen ta kwanta masa, nan ya nemi halalinsa, nan ya ga girman 'ya'yansa, kuma addu'a ba ta san nisa ba.

Idan kin fita takaba, ki kai su lambun, ki bar babban ya ba ƙannensa labarin yadda ya ji shi. Inna tana gaishe ki, kullum marigayi yana cikin addu'arta. Sadakar arba'in a nan gida za mu yi, kada ki ɗora wa kanki nauyinta.