KUƊIN CEFANE DA KUƊIN ƘARAMAR HUKUMA

Ya ke 'yar'uwa, a ce maigida ya ba ki kuɗin cefane, babu ko ƙwayar shinkafa a gida, yara suna ta hamma, sai kika aika aka sayo miki sabon labule da turaren wuta. Me za a kira ki? Ba sai kishiya ta yi miki gori ba, ke da kanki kin san kin ci amana. To, don me idan ciyaman ya yi irin wannan da dukiyar jama'a muke rangaɗa masa guɗa?

Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, jihar Kano kaɗai tana da 44. Tun gyaran da aka yi musu a 1976 ake cewa su ne gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni, da kwashe shara, da magudanan ruwa, da maƙabartu, ya kuma ba su hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Kin ga ke nan duk abin da ya shafi tsakar gidanki ne. Kuma wajen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya nasu ne.

Amma sau nawa muka ga an yi wa sakatariya sabuwar ƙofa mai ado, an sayo wa manya motoci, an kashe maƙudan kuɗi wajen bikin buɗe aiki, alhali asibitin sha-ka-tafi na unguwa ba shi da ko auduga? Rijiyar burtsatse ta lalace, kullum sai an saya wajen 'yan ga-ruwa. Kwata ta toshe, sauro ya samu gidan zama. Wa ke kwana zaune da yaro mai zazzaɓi? Wa naƙuda ke kamawa cikin dare a rasa inda za a kai ta? Mu ne dai mata.

Dalili a fili yake. Ƙofa ana ganinta daga titi, a ɗauki hoto, a liƙa suna. Maganin da ya hana yaro mutuwa kuwa ba ya fitowa a hoto. Mai neman yabo abin da ido ke gani yake bi, mai riƙon amana kuwa abin da rai ke buƙata.

Gaskiya ne ciyamomi na da nasu kukan. Albashin malamai da ma'aikata na cinye kaso mai yawa, kuma an daɗe ana ƙorafin gwamnoni na riƙe kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Sai dai ƙarancin kuɗi ba ya wanke mutum. Macen da aka ba ɗan kaɗan ai ita ta fi sanin gari da gishiri ne farko, kwalliya daga baya.

Saura namu. Lokacin zaɓe ana shigowa har ɗaki da turmin atamfa, da sabulu, da taliya. Wadda ta karɓa ta dangwala, da wane baki za ta tambayi ina famfo? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Atamfar za ta koɗe kafin shekara, ƙishirwa kuwa tana nan. Ki tuna irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri kafin matan Arewa su sami damar jefa ƙuri'a. Abin da aka samo da wuya haka, bai kamata a sayar da shi a kan sandar sabulu ba.

Ba sai kin fita zanga-zanga ba. Kansilanku ɗan unguwa ne, matarsa kuna haɗuwa a gidan biki da suna. Ku haɗa baki ku matan layi, ku zaɓi buƙata ɗaya, ku aika wa mai unguwa da kansila a rubuce, ku riƙa tuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da suka dawo neman ƙuri'a, ki yi musu tambayar da maigida ke yi miki da yamma: ina kuɗin, kuma me aka sayo da su?

Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya sa mu ma mu riƙe tamu.