WAƘAR NASIHA GA ƊALIBI MAI SHIGA ƘUNGIYA, TARE DA SHARHINTA

Muna gode wa Allah bisa ni'imominSa na fili da na ɓoye, muna salati da sallama ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, dalilin wallafa waɗannan baitoci shi ne, wani dattijo manomi daga ƙasar Tasawa ya same ni a zawiya bayan la'asar, ya ce ɗansa da ke karatu a jami'ar Yamai ya aiko cewa abokansa na so su tsayar da shi cikin shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Ya ce: "Malam, ka rubuta masa ka hana shi, ni na aike shi neman ilmi, ban aike shi faɗa da gwamnati ba." Na ce masa abin da Allah bai haramta ba ba ni da ikon haramta shi, amma zan rubuta wa yaron abin da na sani. Sai na tsara shi a waƙe don ya yi sauƙin riƙewa, na bi shi da sharhi don sauran 'yan'uwansa na Maraɗi da Damagaram da Tawa su amfana.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Shi ne Mai sarauta, Abin godiya.

Salati ga Manzo da alai, sahabbai,
Da duk wanda yab bi su kan gaskiya.

Tsaya ɗalibi, ga nasiha gare ka,
Idan an kiraye ka can ƙungiya.

Shiga ba haramun ba ce, ɗan'uwana,
Ka dai fara auna ta can zuciya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah Ya yi maka rahama, haɗuwar mutane don neman haƙƙinsu asalinta halal ne. Ɗalibi ɗaya in ya je ofis ya ce an yi wata huɗu ba a biya shi kuɗin tallafin karatu ba, ko ya ce ɗakin mutum biyu an cusa mutum takwas, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. In dubu suka zo da baki ɗaya, sai a ba su kujera. Wannan shi ne amfanin ƙungiya, kuma saboda shi aka kafa ƙungiyar 'yan makarantar Nijar da ake kira USN tun 1960, tun ƙasar ba ta da jami'a ko ɗaya.

Awon da muke nufi a cikin baitin shi ne awon niyya. Ka keɓe da kanka bayan sallar asuba ka tambayi ranka: me nake so a nan? In abin da ya fara zo maka shi ne fuskar abokinka da ke kwana da yunwa, to, madalla. In kuwa abin da ya zo maka shi ne muryarka cikin lasifika da tafin jama'a, to, ka dakata tukuna, ka yi magani.

Tuna ran da Makka ta ƙulla amana,
Su ƙwato wa baƙon Yaman dukiya.

Sharhi: Wannan baiti nuni ne ga ƙissar Hilful Fuduli, wadda malaman sira suka ruwaito. Wani ɗan kasuwa daga ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, yana taƙama da cewa baƙo ba shi da dangi. Mutumin ya hau dutsen Abu Ƙubaisi ya ɗaga murya yana kai kukansa ga Ƙuraishawa. Sai Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi ya miƙe, aka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, aka yi alkawari cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, za su tsaya tare da shi sai an mayar masa da haƙƙinsa. Suka je wurin Asi suka karɓo hajar. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya halarci wannan zama yana saurayi, kafin a aiko shi. Bayan zuwan Musulunci kuma ya ambace shi da yabo, ya nuna ba zai musanya shi da jajayen raƙuma ba, kuma da za a kira shi zuwa ga irinsa da ya amsa.

To, duba nan da kyau. Waɗanda suka ƙulla alkawarin nan a lokacin masu bautar gumaka ne, amma wannan bai hana a yabi abin da suka taru a kansa ba. Saboda haka idan ka ce: "Yaya zan zauna a ƙungiya ɗaya da wanda ba ya salla, da Kirista, da mai karanta littattafan 'yan gurguzu?" sai mu ce maka: abin da aka taru a kai shi ake dubawa. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta raba taimakekeniya gida biyu, wadda aka umarce mu da ita a kan alheri da wadda aka hana mu a kan saɓo da ƙetare iyaka. Ƙungiya ɗaya tana iya kiran ka zuwa ga ta farko da safe, ta kira ka zuwa ga ta biyu da maraice. Ka amsa kiran safe, ka ƙi na maraice, ko da mai kiran mutum ɗaya ne.

Tuna kan gadar nan a ranar Juma'a,
Jini ya zuba, ba batun dariya.

Sharhi: Gadar da muke nufi ita ce gadar Kenedi ta Yamai, wadda ta haɗa Harobanda, inda jami'a take, da tsakiyar birni. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Sha'ibu, ɗalibai suka fito suna son ƙetarewa su kai kukansu a kan tsarin tsuke bakin aljihu da ya taɓa karatunsu da tallafinsu. Jami'an tsaro suka tare su a gada, aka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu, wasu da yawa suka ji rauni. Allah Ya jiƙan su. Kafin su, a 1983 zamanin Seyni Kunce, ɗalibi Amadu Bubakar ya rasu a tsare, shi ne aka sa wa filin taron ɗalibai sunansa. Bayansu kuma, ranar 10 ga Afrilu 2017, wani ɗalibin ya rasa ransa a zanga-zangar jami'ar.

Ban kawo wannan don in tsoratar da kai kawai ba, domin jinin gadar nan bai tafi banza ba. Shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnati ta yarda da kafa jam'iyyu da yawa, sa'an nan aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, malamin jami'a Andre Salifu ya shugabance shi, ɗalibai kuma suna cikinsa da muryarsu kamar ta manya. Duk wanda ya ce ƙungiyar ɗalibai wasan yara ce bai san tarihin ƙasar nan ba.

Amma ga abin da nake so ka riƙe. Wanda yake jere cikin sahu ransa ɗaya yake ɗauke da shi. Wanda ya hau tebur ya ce "mu tafi", rayukan duk waɗanda suka bi shi suna wuyansa. In ka zama shugaba, kafin ka fitar da 'ya'yan mutane kan titi, ka tambayi kanka: an rubuta takarda? An zauna da hukuma? An bi ta wurin malamai da dattawa? Labarin da ya harzuƙa mu, mun bincike shi kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurati ta hore mu, ko kuwa saƙo ne ya shigo waya da tsakar dare? In an bi duk waɗannan ƙofofi an tarar da su a rufe, to, fita da hannu wofi da harshe mai tsabta tana da fuska. Mai harbin wanda ba shi da makami kuwa, zunubin jinin yana kansa da kan wanda ya umarce shi, ba wani malami da zai wanke shi.

Idan naku ya ɗauki sanda da gora,
Riƙe masa hannu, ka jure wuya.

Sharhi: Wannan shi ne baitin da ya fi nauyi a cikin waƙar, kuma saboda shi na yi ta. Tsayawa gaban soja da wuya, amma akwai abin da ya fi shi wuya, shi ne tsayawa gaban abokanka. Wanda ya tsaya gaban bindiga ana yi masa kirari. Wanda ya miƙe cikin taro ya ce "'yan'uwa, wannan ba daidai ba ne", ihu za a yi masa, a ce an saye shi, wataƙila ya kwana wata guda ba mai gaishe shi.

Za a zo ranar da za a ce a shiga aji a fitar da masu karatu da bulala don an kira yaji, ko a tare hanya a fasa gilashin motar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ko a ƙona taya a ƙofar mai sayar da ƙosai, ko a kama wani ɗalibi a yi masa hukunci a ɗaki. Ba zato nake yi ba. A 2018 malaman jami'ar Yamai sun shiga yajin aiki suna cewa 'yan kwamitin tsaro na ɗalibai sun ci zarafin ɗaya daga cikinsu, har aka kori wasu shugabannin ɗalibai, karatu ya tsaya makonni. Ƙungiyar da aka kafa don ƙin duka, in ta koma tana duka, me ya rage mata na hujja?

Ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi umarni da taimakon ɗan'uwa ko shi ne mai zalunci ko shi ake zalunta. Da sahabbai suka tambayi yadda ake taimakon mai zalunci, sai ya bayyana musu cewa hana shi zaluncin shi ne taimakonsa. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Saboda haka ɗan sandan da aka rutsa shi kaɗai a lungu yana da haƙƙin ka kare shi, domin shi ma ɗan talaka ne, wataƙila ƙanensa yana cikin ajinku. Idan ka san ba za ka iya riƙe hannun naka ba, to, shawarata ka tsaya a ɗan ƙungiya mai jefa ƙuri'a, kada ka karɓi shugabanci.

Batun "ɗan garinmu" batu ne na wari,
Bahaushe da Zarma, ku zam tsintsiya.

Sharhi: Lokacin zaɓen ƙungiya za a zo maka da cewa wannan na gabas ne, wancan na yamma ne. A yaƙin Banul Musɗaliƙi wani ya yi kiran Muhajiruna, wani ya yi kiran Ansaru, Annabi ya kira wannan kiran jahiliyya, ya siffanta shi da wari. In sunaye masu daraja irin waɗannan sun yi wari da aka yi ƙabilanci da su, ina ga namu?

Kujera da daɗi, hisabi da ɗaci,
Ka tsoraci mai ba ka 'yar toshiya.

Sharhi: Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi a ba shi wani aiki, Annabi ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne, kuma nadama ne ranar ƙiyama sai ga wanda ya riƙe shi da haƙƙinsa. Idan ka ce: "Ai Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar", sai mu ce: gaskiya ne, amma ya nema ne yana masani mai tsaro, ga yunwa tana tafe, ba kuma wanda zai iya sai shi. Kai da abokanka suka zo suka same ka, hukuncinka ya fi na mai roƙo sauƙi, in ka san za ka iya.

Toshiya kuwa ba ta zuwa da sunanta. Tana zuwa a matsayin kuɗin mai, ko goron salla, ko alkawarin guraben karatu a waje, ko "in ka gama ka neme ni". Mai mulki yana bayarwa don ka kashe yajin da ya kamata a yi, mai adawa da shi yana bayarwa don ka tayar da wanda bai kamata ba. Duka biyun sayar da 'yan'uwanka ne. Kuɗin ƙungiya kuma ka rubuta shigarsu da fitarsu har dala ɗaya, ka karanta wa jama'a ko ba su tambaya ba. Na taɓa ganin yaro mai kunya, mai sahun farko, da aka ba shi jakar kuɗin wata ƙungiya ya ce aro yake yi zai mayar. Bai mayar ba, kuma daga baya masallacin ma ya daina zuwa, don kunyar haɗa ido da waɗanda suka zaɓe shi.

Tuna wanda yas sai da rago ka zo nan,
Uwa can tana roƙa ma lafiya.

Sharhi: A shekarun 1990 an soke shekarar karatu ɗungum a ƙasar nan saboda yawan yaji da rashin biyan albashi. Ɗan mai hali uban ya tura shi wata ƙasa ya ƙarasa. Ɗan manomi ya koma gida ya jira, wani bai sake dawowa ba. Duk lokacin da za ka ɗaga hannu a ƙara yaji mako guda, ka tuna a kan wa makon zai faɗa. Kai kanka kuma kada taro ya cinye maka aji da salla, domin shugaban ɗalibai da ya shekara bakwai a karatun shekara uku ya zama abin misali, ba wanda zai ji nasiharsa.

Kada ka karɓi muƙamin nan a ɓoye wa mahaifinka. In hutu ya zo ka zauna gabansa, ka karanta masa wannan takarda, ka gaya masa abin da za ka yi da abin da ba za ka taɓa yi ba. Kai kuma dattijo, ka saurare shi har ya ƙare. In bayan haka hankalinka bai kwanta ba ka ce a'a, to, ya bar kujerar, akwai wasu da za su riƙe ta, ya tsaya a cikin jama'a da ƙuri'arsa da bakinsa.

Ilahi Ka kare ɗiyan talakawa,
Ka ba masu iko rabon shiriya.

Tammat bi hamdillahi. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya sa mu cikin addu'a.