Akwatin da Ya Rasa Tafinta

Yau mako uku ke nan da wani akwatin ƙarfe yake ajiye a kan teburina. Na'urar ɗaukar sauti ce mai kafar makirufo takwas, ta yayana, wanda yake da ɗan situdiyo inda yake ɗaukar waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo. Idan ka jona ta da wuta fitilunta duk suna kamawa, babu abin da ya ƙone a cikinta. Sai dai sabuwar kwamfutar da ya saya ba ta ma san da zamanta ba. Da ya kawo mini ita sai ya ce, "Kai da ka karanci kwamfuta, duba mini, ko ta mutu ne?" Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ga ban da tabbacin cewa a'a ɗin gaskiya ce.

Abin da ya ɓace wata 'yar manhaja ce da muke kira direba. Ni dai na fi ganin ta a matsayin tafinta. Na'urar tana da yarenta, babbar manhajar kwamfuta tana da nata, direba ce take tsayawa tsakani tana isar da saƙo. Kamfanin da ya ƙera akwatin shi ya rubuta tafintan, shi kaɗai ya san yaren, kuma ya daina sabunta shi tun da jimawa. Ita kuwa babbar manhaja ba ta tsaya jiran kowa ba. Ƙari a kan haka, akwatin yana magana ne ta igiyar FireWire, wadda a da ita ce abin alfaharin masu situdiyo, yanzu kuwa da wuya ka ga sabuwar kwamfuta mai kafarta.

Tsufa kaɗai ba ya kashe kayan sauti. Makirufon Shure SM58 ya fito a 1966, kuma wanda aka saya shekara arba'in da suka wuce zai yi aiki yau da kowace na'urar haɗa sauti, domin abin da yake fitarwa lantarki ne kawai a kan waya. Tsarin MIDI na 1983 ne, har yanzu tsohon kibod yana iya yi wa sabuwar kwamfuta magana da shi. Ko a cikin na'urorin USB akwai masu tsawon rai: waɗanda aka ƙera bisa ƙa'idar sauti ta bai ɗaya, wadda kashinta na farko ya fito a 1998, na biyu a 2006. Irin waɗannan ba sa buƙatar tafinta daga kamfani, domin yaren kowa suke yi. Mac da Linux sun daɗe suna jin kashi na biyun, Windows 10 kuma ya samu nasa direban a 2017. Wato na'ura biyu za su iya fitowa a shekara ɗaya, da inganci ɗaya, ɗaya ta rayu ɗaya ta zama kwalliyar kanta. Abin da ya raba su shawara ce da wasu injiniyoyi suka yanke a ɗakin taro, mai saye bai sani ba, ba a kuma rubuta masa a jikin kwali ba.

To me yayana ya saya ke nan? Shi a ganinsa ya sayi kaya, kamar yadda ake sayen keken ɗinki: naka ne har ranar da ya lalace, in ya lalace kuma ka kai wa mai gyara. Amma rabin abin da ya biya wa kuɗi bai taɓa shiga hannunsa ba. Ƙarfen nasa ne, ilimin yi wa ƙarfen magana kuwa yana kulle a wurin wasu. Wannan ya fi kama da haya, hayar da ba a faɗa maka ranar ƙarewarta ba.

Ba zan yi saurin ɗora wa kamfanin laifi ba, domin ni ma sana'ata ke nan. Na san abin da ake nufi da riƙon tsohuwar manhaja. Apple ya daina karɓar manhajojin 32-bit a 2019, ya koma na'urar sarrafawa tasa ta M1 a 2020. Kowane irin wannan sauyi yana nufin a sake rubutu, a sake gwaji, a biya mutane albashi saboda kayan da aka gama cin kuɗinsa shekara goma baya. Wanda ya rubuta direban ma wataƙila ya bar aikin. Ni kaina akwai manhajar da na rubuta wa wani shago, na bar ta, kuma duk lokacin da mai shagon ya kira ni sai gabana ya faɗi. Babu wanda zai iya alkawarin kula da abu har abada, kuma wanda ya yi irin wannan alkawari ƙarya yake yi.

Amma gajiya da riƙo daban, hana wani ya riƙa daban. A 2008 wani mai sha'awar harkar da aka sani da Daniel_K ya gyara direbobin katunan sauti na Creative domin su yi aiki sosai a Windows Vista. Kamfanin ya fito fili ya ce ya daina, yana kafa hujja da haƙƙin mallakarsa. Masu katunan suka yi caa, har kamfanin ya sassauta. A ɓangaren Linux kuwa, masu aikin sa-kai na FFADO sun shafe shekaru suna rubuta direbobin na'urorin FireWire, wasu da taimakon kamfanoni, wasu kuma ta hanyar sauraron abin da ke wucewa a igiya suna ƙoƙarin gano ma'anarsa, kamar mai koyon yare a kasuwa. Aikin watanni ne da takardar bayani mai shafi talatin za ta iya rage shi zuwa makonni.

Nan ne nake ganin haƙƙin yake. Ba na cewa wajibi ne kamfani ya ci gaba da sabunta direba har tashin duniya. Ina cewa ranar da ya yanke shawarar sakin na'ura, ya kamata ya saki yarenta tare da ita. Wanda aka ba amanar mabuɗin gida, in zai yi ƙaura, ba a ce lallai ya zauna ba, amma ba ya tafiya da mabuɗin a aljihu. Na san uzurin da ake bayarwa: wani lokaci guntun da ke cikin na'urar na wani kamfani ne daban, da yarjejeniyar sirri a kansa. Uzuri ne na gaske, sai dai mai saye bai sa hannu a wannan yarjejeniya ba, kuma shi ne yake biyan kuɗinta a ƙarshe. Inda dala take tsada, sauya na'ura mai lafiya ba ƙaramin abu ba ne; ga yayana kuɗin makarantar yara ne.

Abin da na yi masa a ƙarshe ba abin burgewa ba ne. Na farfaɗo da tsohuwar kwamfutarsa, na mayar mata da tsohuwar babbar manhaja da direban da ya dace da ita, na cire ta daga intanet gaba ɗaya, tunda babu sauran kariyar da ake aiko mata. Na kwafi direban a wuri uku, domin shafin da ake sauke shi zai iya ɓacewa gobe. Na kuma roƙe shi ya fitar da duk tsofaffin ayyukansa zuwa WAV, murya daban, kiɗa daban, tun kwamfutar tana numfashi.

Jiya ya zo ɗauka. Muka jona makirufo, ya yi sallama a ciki, muryarsa ta fito tas a lasifika. Ya yi dariya ya ce, "Ashe dai tana da rai." Sannan ya tambaye ni shekara nawa za ta ƙara yi. Na ce masa ya dogara da ranar da fankar tsohuwar kwamfutar za ta tsaya, kuma in ya ga irinta a kasuwa da araha, ya saya ya ajiye.